Nicholas Sa'id: Ɗan Kacallan Borno Da Ya Yi Wa Amurka Yaƙi

Baƙar fatar Amurka da ya tashi bin salsalar kakanninsa, galibi a shekarar 1870 sawu yake ɓace masa. A ƙidayar jama'a ta wannan shekara ce aka fara rubuta sunayen bayin da aka 'yanta. A ƙidayar 1850 da ta 1860 kuwa, ba a rubuta wa bawa komai sai shekaru da jinsi da launin fata, a ƙarƙashin sunan ubangijinsa. Shi ya sa kaɗan ne daga cikinsu ke iya ambatar garin da kakansu ya fito a Afirka, balle sunan mahaifin kakan. Muhammadu Ali bin Sa'id, wanda Amurkawa suka sani da Nicholas Said, yana cikin 'yan tsirarun da ba a rasa bakin zarensu ba. Shi da kansa ya rubuta asalinsa, kuma tun kafin a haife shi wani Bature ya riga ya sa mahaifinsa a littafi.

An haife shi a Kukawa wajen shekarar 1836, a garin da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wato Shehu Laminu, ya kafa a 1814. Mahaifinsa shi ne Barka Gana, ɗaya daga cikin manyan kacallolin Shehu. Lokacin da Manjo Dixon Denham na Ingila ya iso Kukawa a 1823 tare da Clapperton da Oudney, Barka Gana ne ya jagoranci rundunar da Denham ya bi zuwa Mandara. A wannan tafiya aka kai wa Fulanin Musfeya hari, aka kwashi kashi a hannu, madugun Larabawa Bu Khalum ya mutu da kibiya mai dafi, Denham kuma da ƙyar ya tsira da ransa, ko tufafi babu a jikinsa. Littafin tafiyar ya fito a Landan a 1826.

A nan ne ruwayoyi biyu suka rabu. Sa'id ya rubuta cewa kakansa Kacalla Malagemu sarautar Mulgwai yake riƙe da ita, a kudancin Borno, mahaifiyarsa Daliya kuma 'yar wani basaraken Mandara ce, shi ne na 13 cikin 'ya'ya 19 da ta haifa. Denham kuwa ya bayyana Barka Gana a matsayin bawan Shehu, wanda aka kawo daga ƙasar Hausa tun yana yaro. Wanda ya san fadar Borno ta wancan zamani ba zai yi mamakin maganar Denham ba, domin kacalla muƙami ne da bayin sarki ke riƙewa, kuma bawan sarki kan fi ɗa iko nesa ba kusa ba. Haka kuma ba abin mamaki ba ne mutumin da ke rubutu a kudancin Amurka, inda kalmar bawa ke nufin ƙarshen ƙasƙanci, ya zaɓi ya fara tarihin gidansu da sarauta. Abin da dukansu biyu suka haɗu a kai shi ne sunan uban da girman matsayinsa, kuma wannan kaɗai ya fi abin da miliyoyin iyalai a Amurka suka gada.

Uban ya rasu Sa'id yana yaro. Ya yi karatun allo da Larabci a Kukawa, sannan wata rana ya bi abokansa farauta wajen Tafkin Chadi, inda Buzaye, waɗanda Barebari ke kira Kindin, suka yi awon gaba da su. Aka kai shi Katsina, aka sayar wa wani ɗan kasuwa mai suna Abdulƙadir, wanda ya bi da shi ta Damagaram ya ƙetare Sahara zuwa Murzuk. Bisa labarinsa, da Abdulƙadir ya gane ɗan wane ne a hannunsa, sai ya yi masa tayin mayar da shi gida. Yaron ya tuna ƙishirwa da zafin rairayin da ya taka, ya ce gara a sayar da shi gaba. Da wannan zaɓi ya yi sallama da Borno har abada.

Daga nan hannu ya riƙa miƙa shi ga hannu. A Tarabulus ya yi aiki a shagon taba na wani Alhaji Dauda, ya kuma raka shi Makka. A Santambul ya shiga gidan Fu'ad Pasha, ministan harkokin wajen daular Turkawa, yana kula masa da lofe. A 1853 Yarima Menshikov ya zo birnin a matsayin jakadan Rasha, a jajibirin yaƙin Kirimiya, kuma tare da jama'arsa Sa'id ya tafi Rasha. Can ya koma hidimar Yarima Nicholas Trubetzkoy, wanda ya sa aka yi masa baftisma a Riga a 1855, aka raɗa masa sunan Nicholas. Shekarun da suka biyo baya ya yi su ne yana zagaya Turai da ubangidansa, Jamus da Italiya da Faransa da Ingila, yana tsintar harsuna kamar mai kalar gyaɗa. Bayan Barbarci da Mandaranci da Larabci, ya ƙara Turkanci da Rashanci da Jamusanci da Italiyanci da Faransanci, Ingilishi ne ma ya zo masa a ƙarshe.

A cikin shekarun nan ne wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, Dorugu, shi ma ya ƙetare hamadar ya isa Landan a 1855 tare da Heinrich Barth. Dorugu ya komo gida, ya ƙare rayuwarsa a Kano. Sa'id ma ya yi niyyar komowa, har ya ajiye aiki a Landan don haka, sai wani mutumin Holan mai suna Rochussen ya ɗauke shi aikin rakiya zuwa Amurka. Ya sauka can a farkon 1860, ɗa ne ba bawa ba, a ƙasar da bayi kusan miliyan 4 ke noman auduga da rake. Bayan sun zaga Amurka da tsibiran Karebiyan har da Haiti, sai Rochussen ya ranci kuɗinsa ya gudu ya bar shi a wani masauki a Aylmer ta Kanada. Da ƙyar ya kai Detroit, inda ya samu abin yi da koyarwa.

A 1863, yaƙin basasar Amurka yana tsakiya, ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts, ɗaya daga cikin rundunonin baƙar fata da Arewa ta kafa don yaƙar jihohin Kudu masu riƙe da bayi. Ya kai muƙamin saje, daga baya ya koma aiki a asibitin rundunar. Sojojin wannan runduna sun shafe fiye da shekara ba su karɓi albashi ba, saboda gwamnati ta yanka wa baƙi dala 10 a wata, a cire 3 kuɗin kaki, alhali fararen fata na karɓar 13. Sun ƙi karɓa har sai da aka daidaita a 1864. Rundunar ta yi fama a Honey Hill a watan Nuwamba na wannan shekara, ta kuma shiga Charleston a watan Fabrairun 1865. Ga ɗan kacallan da ya yi wa Shehu yaƙoƙin da ake kwaso bayi, shi kansa an sayar da shi sau da dama, yana sanye da kakin rundunar da ta karya bauta.

Da yaƙi ya ƙare bai koma Arewa ba. Ya zauna a Kudu yana koyar da 'ya'yan 'yantattun bayi a South Carolina da Georgia da Alabama, yana kuma yawon lacca kan Afirka. A 1867 mujallar Atlantic Monthly ta buga gajeren tarihinsa, sannan a 1873 aka buga cikakken littafinsa a Memphis.

Littafin nan na 1873 yana da wani abu da ya daɗe yana rikita masu bincike: babu ko kalma ɗaya a cikinsa game da aikin soja, kuma ya matsar da shekarar isarsa Amurka zuwa bayan yaƙin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutum ne baƙi da ke tallar littafinsa gari-gari a cikin waɗanda aka ci da yaƙi, a zamanin da 'yan Ku Klux Klan ke ƙona makarantun baƙi suna kashe malamansu. Takardun sojan Amurka ne suka tona abin da ya binne. Wannan ne ma ya sa mai bin asalin gidansu ba ya tsayawa kan maganarsa kaɗai, sai ya gwada ta da ta Denham da abin da tarihin Borno ya adana.

Littafin ya yi fiye da ƙarni ba a waiwaye shi ba. Allan Austin ya dawo da sunan Sa'id cikin nazarinsa kan Musulmin Afirka a Amurka a 1984, aka sake buga littafin a farkon wannan ƙarni, kuma a 2023 ɗan jarida Dean Calbreath ya fitar da cikakken tarihinsa. Ba a tabbatar da ƙarshen rayuwarsa ba, amma bayanan tsofaffin sojojin rundunarsa sun ce ya rasu a garin Brownsville na jihar Tennessee a 1882, shekara 11 kafin Rabeh ya rushe Kukawar da aka haife shi.