Juan de la Cierva, mutumin da ya nemi jirgin da ba ya faɗowa

Yau za mu leƙa ƙasar Sipaniya mu ɗauko maku tarihin Juan de la Cierva, wanda mutanen ƙasarsa ke furta sunansa Huwan de la Siyerba. An haife shi a garin Mursiya ranar 21 ga Satumba 1895. Ɗan manya ne, mahaifinsa ya riƙe minista sau da dama, amma shi tun yana yaro hankalinsa na ga jirgin sama.

A shekara ta 1919 ya ƙera babban jirgi mai inji uku domin sojojin ƙasarsa. Wajen gwaji matuƙin ya karya kwana ƙasa-ƙasa, gudu ya ragu, jirgin ya faɗo ya wargaje. Matuƙin dai ya tsira da ransa. Abin da ya faru shi ne, kowane jirgi mai kafaffun fukafukai yana da iyakar gudun da in ya yi ƙasa da shi iska ta daina ɗaukarsa. Wannan iyaka ce ta hana Siyerba barci.

Sai ya yi dabara: ya ɗora fukafukai masu juyawa bisa kan jirgin. Ba inji ke juya su ba, iskar da ke bugowa daga ƙasa ce, shi inji aikinsa kawai ya ja jirgin gaba. Ko jirgin ya rage gudu, fukafukan na nan suna juyawa. Ya sa masa suna otojiro.

Uku na farko duk sun ƙi. Da zarar jirgin ya ɗauki gudu sai ya kife gefe guda. Duk wanda ya taɓa ɗaura wa jaki mangala ya san abin da ke faruwa in gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. To haka nan, fiffiken da ke tahowa gaba yana cin iska fiye da wanda ke komawa baya. Maganin da ya samo, a ganinmu, shi ne babban aikin rayuwarsa: ya sa wa gindin kowane fiffike mahaɗi kamar na ƙyauren ƙofa, ya bar shi yana ɗagawa yana sauka, nauyin ya daidaita da kansa. A watan Janairu 1923 na huɗun ya tashi a filin Hetafe, kusa da Madrid. Kwanaki kaɗan bayan haka injin ya mutu a sama, jirgin ya sauko sannu a hankali ya dira lafiya.

Ba a nan wahala ta ƙare ba. Ya koma Ingila, inda aka kafa kamfaninsa a 1926. A 1927 fukafukai suka ɓalle daga gindi ana cikin gwaji, matuƙin mai suna Frank Courtney ya sha da ƙyar. Ƙarfen ne ya gaji saboda lanƙwasa gaba da baya. Siyerba ya ƙara mahaɗi na biyu, shi kuma ya zo da tasa matsala, don jirgin kan kama jijjiga yana ƙasa, sai da aka sa abin da ke rage masa wasa. Ranar 18 ga Satumba 1928 shi da kansa ya tuƙa otojiro daga Landan ya ƙetare teku zuwa Paris.

Kada dai a ɗauka jirgin ba ya da haɗari. Ba ya iya tsayawa cik a sama kamar jirgi mai saukar ungulu, wanda daga baya ya gaji mahaɗan nan na Siyerba. Kuma in matuƙi ya dunƙufar da hancinsa farat ɗaya, iskar ƙasa ta yanke, fukafukan su rage juyi. Wannan kuskure ya ci rayukan matuƙa da yawa.

Akwai abin da ba za mu ɓoye ba. A Yuli 1936 yana cikin waɗanda suka taimaka aka yi hayar jirgin da ya kai Janar Franko Maroko, farkon yaƙin basasar Sipaniya. Har yau ana jayayya a kan sunansa saboda haka.

Ranar 9 ga Disamba 1936 ya shiga jirgin fasinja na kamfanin KLM daga filin Kuroidon na Landan zuwa Amstadam. Hazo ya rufe gari. Jirgin na tashi ya kauce hanya, ya bugi gida ya kama wuta, mutum 15 suka mutu har da shi. Shekarunsa 41, kuma jirgin mai kafaffun fukafukai ne.