Henry Shrapnel: Hafsan Da Ya Ƙarar Da Dukiyarsa A Kan Harsashin Igwa

A ranar 13 ga watan Maris na shekara ta 1842 ne Laftanar-Janar Henry Shrapnel ya rasu a birnin Southampton da ke kudancin Ingila, yana da shekaru 80 da haihuwa. Shi ne hafsan sojan Birtaniya da ya ƙago wani harsashin igwa wanda ya sauya salon yaƙi a nahiyar Turai, amma kuma ya bar duniya yana ƙorafin cewa ƙasarsa ba ta biya shi daidai da abin da ya kashe ba.

An haifi Shrapnel ne a ranar 3 ga watan Yuni na shekara ta 1761 a kusa da garin Bradford-on-Avon, a gidan wani attajiri mai fataucin tufafi. A shekara ta 1779 ya shiga rundunar sojojin igwa ta masarautar Birtaniya, wadda cibiyarta ke unguwar Woolwich a bakin kogin Thames, kudu maso gabashin birnin Landan. Ya yi aiki a tsibirin Newfoundland da Gibraltar da kuma yankin Karibiyan, kana ya samu rauni a fafatawar Dunkirk a shekara ta 1793.

Tun a shekara ta 1784 ne, yana laftanar, ya duƙufa a kan gwaje-gwaje a lokutan da ba ya bakin aiki. Babu wanda ya umarce shi, babu kuma wanda ya ba shi ko sisin kwabo. Kuɗin ƙarfe da albarushi da ladan maƙera duk daga aljihunsa suka riƙa fita.

A wancan zamani, idan ana son a watsa wa abokan gaba ƙananan harsasai da igwa, sai sun matso kimanin mita 300, domin harsasan suna warwatsewa ne tun daga bakin igwar. Dabarar Shrapnel ita ce a ƙera dunƙulen ƙarfe mai rami a ciki, a cika shi da harsasan dalma da ɗan albarushi, a kuma sa masa lagwani da aka auna tsawonsa. Dunƙulen zai yi tafiyarsa a sama, sai ya kusanci abokan gaba sannan ya fashe ya yi musu ruwan dalma. Ta haka nisan ya ƙaru zuwa fiye da mita 1,000.

Ko da yake ya gwada ƙirar tasa a Gibraltar a shekara ta 1787, hukumomin soja ba su amince da ita ba sai a 1803, wato bayan shekaru 19 yana ɗaukar nauyin aikin shi kaɗai. A shekara ta 1804 aka yi amfani da harsashin a kan dakarun Holan a Surinam, suka kuwa miƙa wuya. A wannan shekara ce aka ba shi muƙamin mai duba igwogi a masana'antar makamai ta Woolwich, inda ya shafe shekaru da dama yana gyara ƙirar. Daga bisani harsashin ya taka muhimmiyar rawa a kan sojojin Faransa a Vimeiro ta ƙasar Fotugal a 1808, da kuma a Waterloo a 1815.

To sai dai kuma ya zuwa wannan lokaci Shrapnel ya riga ya kashe dubban fam na kansa. A shekara ta 1814 gwamnati ta yanka masa fam 1,200 a kowace shekara har iyakar ransa. Kuɗi ne masu kauri a wancan zamani, amma jami'ai suka fassara kyautar da cewa ta haɗa da dukkan sauran gyare-gyaren da ya yi wa igwogi da bindigogi, don haka ba a ƙara masa komai ba. Bugu da ƙari, saboda an ɗauki ƙirar a matsayin asirin ƙasa, ba a yayata sunansa a bainar jama'a ba. Sarki William na Huɗu ya nuna aniyar ba shi sarauta ta gado, amma sarkin ya rasu a 1837 kafin a cika alkawarin.

Sai a shekara ta 1852, shekaru 10 bayan rasuwarsa, gwamnati ta amsa roƙon iyalinsa ta sanya wa harsashin sunansa a hukumance. An harba miliyoyin irinsa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kafin wasu sababbin makamai su maye gurbinsa. An rufe masana'antar Woolwich a 1967, amma har yanzu a harshen Ingilishi da sunan wannan hafsa ake kiran ɓaraguzan ƙarfe da ke tarwatsewa idan bam ya fashe.