Bubu Hama: malamin lekol da ya rubuta wa yaran Nijar tarihinsu

Lokacin da Bubu Hama ya shiga makarantar Turawa, wadda a Nijar ake ce wa lekol, tarihin da ake koya wa yaro na Faransa ne: sarakunanta, yaƙe-yaƙenta, kogunanta. Ɗan Tera ko ɗan Maraɗi zai iya gama firamare ya san yadda Napoliyon ya faɗi, bai san yadda Askiya Muhammadu ya hau mulkin Songhai ba. Wannan giɓin ne mutumin ya ƙarar da rayuwarsa yana ƙoƙarin cikewa.

An haife shi a 1906 a ƙauyen Foneko, kusa da Tera, a yammacin Nijar. Karatu ya kai shi Dori da Wagadugu, a ƙasar da ake kira Burkina Faso yau, daga nan sai makarantar horon malamai ta William Ponty a tsibirin Gore na Senegal. A 1929 ya dawo gida da takardar malanta, kuma shi ake lissafawa a matsayin ɗan Nijar na farko da ya zama malamin makarantar boko da irin wannan shaida.

Aikin aji bai raba shi da zauren tsofaffi ba. Duk inda aka tura shi, yakan nemi maroƙa da malaman zaure da dattawan gari, ya saurari asalin gidajen sarauta da labarin ƙaura da yaƙi, ya rubuta. A wancan zamani masana da yawa a Turai ba su ɗauki abin da aka ji daga baki a matsayin tarihi ba, sai abin da ke kan takarda. Shi kuwa ya tsaya a kan cewa wanda ya haddace jerin sarakuna tun daga kakanni ma'ajiya ce, a tambaye shi kafin ƙasa ta rufe shi. A 1954 ya fitar da littafi kan daular Gao tare da wani likita Bafaranshe, Jean Boulnois.

Siyasa ta zo ta ɗauke shi. Yana cikin jiga-jigan jam'iyyar PPN-RDA, kuma ya riƙe shugabancin majalisar dokoki daga 1958 har 1974, a gefen Shugaba Jori Hamani. Abin mamaki, shekarun da ya fi kowa aiki a gwamnati su ne shekarun da alƙalaminsa ya fi gudu. Tsakanin 1967 da 1968 kaɗai ya fitar da littattafai kan tarihin Gobir da Sakkwato, da na Zabarmawa da Songhai, da na Abzinawa, da na Fulani. Ya tara tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami masu yawa, waɗanda suka zama tushen ma'ajiyar cibiyar binciken IRSH a Yamai. Yana kuma cikin waɗanda suka tsaya aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a birnin a 1968, wadda daga baya ta zama CELHTO.

Amma manyan littattafai na manya ne, shi kuwa malamin firamare ne tun asali. Tare da Marcel Guilhem ya rubuta littafin tarihin Nijar na 'yan aji biyar da shida, inda yaro zai fara da ƙasarsa, ya wuce Afirka, sannan ya leƙa sauran duniya. Wannan jeri kansa juyin mulki ne a cikin aji, domin a da daga Faris ake farawa. Sai kuma haɗuwarsa da Andrée Clair, marubuciyar littattafan yara 'yar Faransa da ta yi shekaru tana aiki a Yamai. Tare suka fitar da L'Aventure d'Albarka a 1972, labarin da aka gina kan ƙuruciyarsa: yaron ƙauye da aka raba da gida aka kai lekol a zamanin mulkin mallaka. Da wannan yaro ya nuna wa masu karatu ƙanana yadda wancan zamani yake, ba tare da ya ɗora musu jerin shekaru ba. Tatsuniyoyi da almarar Nijar ma ya tattara su cikin juzu'i shida. Littafin rayuwarsa, Kotia-Nima, wanda ya ci babbar kyautar adabin Baƙar Afirka, shi ma da kiran yaro aka raɗa masa suna a harshen Zabarmanci.

Ba a rasa abin cewa a kansa ba. Masana sun lura yakan rubuta da gaggawa, ya maimaita kansa, wani lokaci ya jera almara da tabbataccen labari kafaɗa da kafaɗa. Sannan duk wannan aiki da Faransanci ya yi shi, aka buga mafi yawansa a Faris, a ƙasar da yaran da ke zuwa lekol a lokacin 'yan tsiraru ne. Yaron da ke kiwo a Foneko bai karanta Albarka ba. Akwai kuma babi mai nauyi: gwamnatin da yake ginshiƙinta ce ta haramta jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari a 1959, kuma a 1964 aka harbe wasu mayaƙanta a bainar jama'a. Iyalan waɗanda abin ya shafa ba da littattafan yara suke tuna shi ba.

Ranar 15 ga Afrilu 1974, ana tsakiyar fari da yunwa, sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnati. An kama Bubu Hama yana dab da shekara 70, aka tsare shi, har a Agadas. An sake shi daga baya, ya rasu a Yamai ranar 29 ga Janairu 1982. Shekara biyu kafin nan, juzu'in farko na babban tarihin Afirka na UNESCO ya fito ɗauke da babin da suka rubuta shi da Joseph Ki-Zerbo na Burkina Faso, kan matsayin tarihi a cikin al'ummar Afirka.

Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959 da sa hannunsa, yanzu sunansa yake ɗauke da shi. Ranakun sallah yara kan cika shi maƙil, suna kallon zakuna da dorina da ƙasusuwan manyan dabbobin da da aka tono a hamada. Littattafan da ya rubuta domin su kuwa, wanda ke nema sai ya bi ɗakunan karatu ko 'yan gwanjon littattafai na bakin titi.