Nde Yohanna Gowon, Mai-bishara da Uban Gida

A ranar Jubili mun saba ambaton sunayen Turawan da suka ƙetare teku suka kawo mana bishara, wannan kuwa daidai ne. Amma akwai waɗansu 'yan ƙasa da suka ɗauki kayan tare da su, ba a cika rubuta labarinsu ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Nde Yohanna Gowon. Duniya ta san sunan nan ta wurin ɗansa, mu kuwa muna so mu tuna da uban.

Shi mutumin Angas ne, daga Lur a ƙasar Kanke, cikin duwatsun da ke kusa da Pankshin. Nde kalmar girmamawa ce a bakin mutanensa. An haife shi tun bishara ba ta kai wurinsu ba. A shekara ta 1907 waɗansu samari daga Jami'ar Kambirij ta Ingila, masu aiki tare da C.M.S., suka kafa mishan a Panyam, a 1910 kuma suka buɗe wata a Kabwir, cikin ƙasar Angas. Yohanna yana cikin waɗanda suka ba da gaskiya a zamanin farko. A kwanakin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama wanda ya bar tsafin kakanni sai dangi su dube shi kamar ya bar su ne. Ya koyi karatu, ya zama mai-bishara a cikin mutanensa.

Ran 26 ga Afrilu, 1923, ya auri Matwok Kurnyang. A ranar nan ce kuma aka ɗaura auren ɗan Sarkin Ingila, wanda daga baya ya zama Sarki Joji na Shida. Yohanna yakan yi fahariya da wannan dacewa. An yi ɗaya auren a babbar majami'a ta Landan, ɗayan kuwa a ƙauye cikin duwatsu, amma alkawarin iri ɗaya ne, shi ma ya riƙe nasa har ƙarshe. Allah ya ba su 'ya'ya 11. Na biyar shi ne Yakubu, wanda aka haifa ran 19 ga Oktoba, 1934.

A shekara ta 1930 C.M.S. ta danƙa aikin Panyam da Kabwir a hannun S.U.M. Bayan wannan, a 1936, Yohanna ya kwashe iyalinsa ya tafi Wusasa, kusa da birnin Zariya. Wusasa sabon wuri ne a lokacin, gama a 1929 ne aka fitar da mishan daga cikin birni, inda Likita Miller ya zauna tun 1905, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa bisa ga ginin Hausawa. Sai ku duba nauyin da mutumin nan ya ɗauka. Ya bar gonakin ubanninsa da harshensa, ga mata, ga ƙananan yara, ya zama baƙo a ƙasar Hausa. Albashin mai-bishara kaɗan ne ƙwarai, sai an haɗa da fartanya kafin tukunya ta hau murhu. Duk da haka bai hana 'ya'yansa makaranta don su taya shi noma ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, da shi kuma da addu'a aka yi renon yaran gidan.

Yakubu ya fara karatu a makarantar St. Bartholomew, ya wuce Midil ta Zariya da Kwalejin Gwamnati, wadda ake kira Barewa. Ya shiga soja a 1954, aka kai shi Sandhurst a Ingila. Ran 1 ga Agusta, 1966, yana da shekara 31, ya zama shugaban Nijeriya, ƙasa kuwa tana cikin jini da tsoro. Daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970 aka yi yaƙin basasa, mutane da yawa ƙwarai suka hallaka, galibinsu da yunwa. Ba mu ɓoye wannan baƙin ciki ba. Amma sa'ad da yaƙi ya ƙare, mutane da yawa suna tsammanin ramuwa, shugaban ya yi shelar sulhu, ya ce a karɓi waɗanda aka yi yaƙi da su kamar 'yan'uwa. Mu dai a ganinmu, a gidan ubansa ya fara koyon wannan, inda ake koya wa yaro ya nemi gafara, ya kuma gafarta.

Girman ɗan bai sāke halin uban ba. Ya zauna a Wusasa cikin maƙwabtansa, talaka a cikin talakawa. A watan Afrilu 1969 Yakubu ya auri Victoria Zakari, ma'aikaciyar jinya, ita ma 'yar Wusasa ce. Tsohon ya ga gidansa ya yaɗu, ya ga jikoki, ya cika da kyakkyawan tsufa kafin Ubangiji ya kira shi. Mulkin ɗansa ya ƙare ran 29 ga Yuli, 1975, kamar yadda kowane mulki yakan ƙare, amma abin da aka shuka a gida ya wanzu, gama a 1996 Janar Gowon ya kafa ƙungiyar yi wa Nijeriya addu'a.

'Yan'uwa, iyaye da kakanni na cikin ikilisiya, wannan labari namu ne. Da yawa a cikinmu muna himma a aikin majami'a, gidajenmu kuwa sun zama kango. Muna wa'azi a kasuwa, 'ya'yanmu ba su taɓa jin muna addu'a a ɗaki ba. Nde Yohanna bai san abin da yaron nan na biyar zai zama ba, ya dai rene shi da aminci kamar sauran goman. Mu ma ba mu san wanda ke cin tuwo a tsakar gidanmu ba. Bari mu gode wa Allah saboda bawansa, mu koma gida mu tara yaranmu da jikokinmu tun yau da dare.