Khaulatu Bint Sa'alaba: Matar Da Allah Ya Ji Kukanta

'Yan uwa mata, a wannan fitowa za mu leƙa rayuwar Nana Khaulatu bint Sa'alaba (R.A), sahabiya daga ƙabilar Khazraj ta Madina, matar Ausu bin Samit (R.A), ɗaya daga cikin mazajen Badar.

Sun daɗe tare har tsufa ya kama Ausu, ya zama mai saurin fushi. Wata rana suka yi saɓani, sai ya yi mata zihari, wato ya kamanta ta da bayan mahaifiyarsa. A al'adar jahiliyya wannan kalma tana haramta mace ga mijinta har abada. Da ya huce ya dawo yana neman ta, ta ƙi yarda har sai an ji hukuncin Allah.

Ba ta bi maƙwabta da tsegumi ba, ba ta nemi boka ba. Ta nufi ɗakin Nana A'isha (R.A), ta shaida wa Manzon Allah (S.A.W) cewa ƙuruciyarta ta ƙare a gidan wannan bawan Allah, ga ƙananan yara. In ta bar masa su za su lalace, in ta riƙe su yunwa za ta ci su. A lokacin babu wahayin da ya sauka a kan zihari, don haka ba ta sami amsar da take fata ba. Sai ta ɗaga kai sama, ta buɗe baki tana kai ƙara ga Ubangijinta, tana maimaitawa.

Ba ta bar wurin ba sai da ayoyin farko na Suratul Mujadala, sura ta 58, suka sauka. Nana A'isha tana gefen ɗakin amma wasu kalmomin sun ɓuya mata, ga shi Allah Ya ji su duka. Aka sanya kaffara: 'yanta bawa, ko azumin wata 2 a jere, ko ciyar da miskinai 60. Ausu ba shi da halin ko ɗaya. Manzon Allah ya taimaka da dabino, ita ma ta ƙara da nata, aure ya tsira.

Ta rayu har zamanin halifancin Sayyidina Umar (R.A), wanda ya fara a shekara ta 13 bayan hijira. An ruwaito ta tare shi a hanya ta yi masa doguwar nasiha, ya tsaya yana saurare, domin ya san wace ce.

Uwargida, duk wadda ta kai izu shida daga ƙasa a Islamiyya ta iso surar Khaulatu. Haƙuri ba ya hana neman haƙƙi wurin malamai, ba ya hana kuka ga Allah. In zaman gida ya yi zafi, ɗaga hannu ki faɗa maSa damuwarki da bakinki, kina mai sakankancewa Yana ji. Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin.