MARIGAYI ALHAJI MAMMAN SHATA, ABOKIN HIRAR MAJINYATA

A zamanin da jirgin ƙasa ke tashe, idan ciwo ya kayar da ɗan Arewa a Ikko ko Badun, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, abin da 'yan'uwa kan yi shi ne su yi karo-karo su yanka masa tikiti a kai shi gida. Jirgin yakan bi ta Ilori, ya haye Kwara a Jabba, ya wuce Zungeru, sa'an nan ya tsaya a Minna, inda hanyar Ikko ta haɗu da tsohuwar hanyar Baro. A tashar Minna majinyaci kan fara jin ƙamshin gida, domin ko'ina ya juya Hausa zai ji, kuma da wuya a rasa rediyon wani mai shayi ko rikodar wani fasinja tana tashin kalangu. Sau da yawa muryar da ke bisa kalangun nan ta Alhaji Mamman Shata ce. Wanda kuwa bai sami halin tafiya ba, ya yi jinyarsa a ɗakin haya a Agege ko Sabon Shagamu, to ita dai wannan murya ce kan taya shi hira bayan masu dubiya sun watse.

An haifi Muhammadu Shata a Musawa ta ƙasar Katsina cikin 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, kuma asalin gidansu Fulani ne waɗanda ba su gaji kiɗa ko roƙo ba. Saboda haka mahaifin bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba ko kaɗan, don a wancan lokaci ana ɗaukar waƙa a kan sana'ar maroƙa ce, ba ta ɗan mutunci ba. Yaron ya yi karatun allo kamar sauran tsaransa, ya kuma taɓa tallan goro, daga baya ya koma sayar da alewa. Fataken goro na Shagamu da Agege suna iya cewa nasu ne tun kafin duniya ta san shi. Laƙabin nan na Shata wani ɗan'uwansu ne da ake kira Baba Salamu ya raɗa masa, ya bi shi har ya danne sunan yanka.

A dandali ya fara, inda samari da 'yammata ke taruwa da dare, kuma ba don kuɗi ba, don nishaɗi kawai. Da abin ya kankama sai ya bar Musawa ya koma Bakori wajen ubangidansa Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa da ke aikin sayen auduga da gyaɗa a can. Daga Bakori ya riƙa fita yawon waƙa garuruwa. Cikin 1952 aka yi Bikin 'Yan Sarki a Kano, Shata ya yi wasa a wurin, kuma daga nan sunansa ya game ƙasar Hausa. A 1960 ya tare a Funtuwa, inda ya zauna kusan shekara arba'in yana waƙa yana noma.

Ya yi sa'ar zamani, domin tashensa ya zo daidai da zuwan garmaho da faifai, sa'an nan aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, wanda ake kamawa ta gajeren zango har bakin teku. Mai gadi a Apapa da mahauci a Anacha da ɗan tireda a Fatakwal duk sukan kasa kunne ga shirin Zaɓi Sonka, ko a dace wani ya aiko musu da gaisuwa daga gida. Da kaset ya shigo sai abin ya ƙara sauƙi, mutum ya sayi Shatansa ya ajiye a bakin gado, batir kawai zai nema.

To, mene ne ya sa waƙarsa ta dace da wanda ke kwance haka? Abu na farko shi ne yadda yake gina ta. Shata ba ya zama ya tsara waƙa a gida ya hardace, nan take yake ƙirƙira a gaban jama'a. Yakan ba 'yan amshi ɗan gajeren amshi guda, su yi ta maimaita shi, shi kuma yana ɗora ɗiyan waƙa ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗa da kansa yake tsaye. Majinyaci kuwa hankalinsa ba ya jure dogon zare. Yakan saurara kaɗan, barci ya sace shi, ya farka, amma da ya farka zai tarar da amshin nan yana nan inda ya bar shi, bai yi asarar kome ba. Littafi ba ya yi wa mutum wannan haƙuri, labarun duniya ma ba sa yi, balle a zo ga cewa rabinsu tashin hankali ne.

Na biyu, Hausarsa a fili take. Ba ya cusa kalmomi masu wuya kamar yadda wasu makaɗan fada ke yi, waɗanda sai an zauna an warware zancensu. Kalangu kuma ganga ce mai bin hawa da saukar harshe, har yakan zama kamar shi ma magana yake yi, saboda haka ko an rage ƙarar rikoda ƙasa ƙasa don kada a dami na gadon kusa, ba abin da zai ɓace. Na uku, wanda ya fi taɓa zuciyar baƙo, shi ne sunayen garuruwa da na mutane da ke cike da waƙoƙinsa. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai, ya yi wa direbobi da dogarai da malaman hukuma da mata. Mutumin Gwandu da ke kwance a Idi-Araba, in ya ji waƙar Umaru Ɗan Danduna, ai ya je gida ya dawo ba tare da ya biya kuɗin mota ba.

Amma fa ba kowace waƙar Shata ce ta majinyaci ba, kuma mai jinya mai hankali shi zai zaɓa. A kwanakin farko, lokacin da jiki ya yi laushi kuma zuciya ta karaya, babu kamar waƙarsa ta yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. In an fara samun sauƙi, ana iya zama a jingina da bango a sha kunu, sai a kawo dogayen waƙoƙin yabo irin ta Sarkin Daura da ta Hassan Sarkin Dogarai da ta Garba Bichi. Waƙar da ya yi wa kumbon Apollo 11, wanda Amurkawa suka tura wata a 1969, tana da amfani ga wanda ya gaji da kallon rufin ɗaki, domin takan sa murmushi. Bakandamiya kuwa, wadda a cikinta ya wasa kansa ya nuna ba ya shakkar kowane mawaƙi, a ajiye ta sai ranar da mutum ya fara takawa zuwa bakin ƙofa da ƙafarsa, a ranar ce za ta yi masa daɗi. Waɗanda ya kamata a jingine su ne na zambo irin su Gagarabadau, don mai hawan jini ba ya bukatar a tuna masa abokan gabarsa. Haka nan waƙarsa ta mashaya, wadda malamai suka daɗe suna ƙorafi a kanta, ba ta da wurin zama kusa da kwalbar magani. Waƙa dai ba ta maye gurbin allura da ƙwayoyin da likita ya rubuta, aikinta shi ne ta rage tsawon dare.

Shi kansa Shata mutum ne mai wuyar sha'ani, mai faɗar abin da ke ransa ko a gaban wa. Ya shiga siyasa, ya yi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya cikin shekarun 1970, ya yi GNPP sa'an nan NPN a Jamhuriya ta Biyu, ya kuma shugabanci SDP a Funtuwa a ta Uku, inda bai daɗe ba suka saɓa da 'yan jam'iyya aka sauke shi. A gaskiya siyasa ba ta ƙara masa kome ba. Waƙa ce ta kai shi ƙasashen Afirka ta Yamma da Ingila da Amurka, ita ce ta sa Dandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na dakta a kansa a Jami'ar Indiana cikin 1975, ita ce ta jawo masa lambar girma ta MON, kuma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, aka koma kiran ɗan tallan alewar Musawa da Dakta.

A ƙarshen rayuwarsa shi ma ya ɗanɗani abin da masu sauraronsa suka sha ɗanɗana. Ciwo ya kwantar da shi, aka yi jinyarsa a Kano, aka fita da shi Jidda aka yi masa aiki, ya ɗan sami sauƙi ya dawo. Da jikin ya sake tashi sai aka kwantar da shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma a nan Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, yana da shekara 76. Ba a kai shi Musawa inda aka haife shi ba, ba a kuma kai shi Funtuwa inda ya yi zamansa ba. A Daura aka yi masa sutura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Allah ya jiƙansa, ya ba marasa lafiya na gida da na asibiti sauƙi.