Bishof William Ullathorne, Firist na Fursunoni

An haifi William Ullathorne a garin Pocklington na ƙasar Ingila a shekara ta 1806. Tun yana yaro ya shiga aikin jirgin ruwa, inda ya ɗanɗana wahalar rabuwa da gida. Daga baya ya amsa kiran Ubangiji, ya shiga ƙungiyar Benedict mai tsarki, aka naɗa shi firist a 1831.

A zamanin nan Ingila tana kwashe masu laifi a jiragen ruwa zuwa Ostireliya domin aikin tilas. Daga 1788 zuwa 1868 an kai mutane wajen 162,000. Cikinsu akwai yara da yawa waɗanda laifinsu ƙaramar sata ce. A 1834 har aka buɗe wa yara maza kurkuku na musamman a Point Puer, cikin tsibirin Tasmaniya.

Fada Ullathorne ya isa Sidni a 1833. Ya kuma tafi tsibirin Norfolk, inda ake tsare waɗanda aka fi tsananta wa, domin ya shirya fursunonin da aka yanke wa hukuncin kisa. Abin da ya gani bai taɓa barin zuciyarsa ba. Waɗanda aka sanar da su za su mutu sun durƙusa suna gode wa Allah, waɗanda aka yi wa sassauci kuwa suka fashe da kuka, gama rayuwa a can ta fi mutuwa ɗaci.

Bai yi shiru ba. A 1838 ya ba da shaida a gaban kwamitin majalisar dokokin Ingila, ya bayyana yadda haɗa yara da manyan masu laifi yake lalatar da su. Masu cin ribar aikin fursunoni suka yi ta zaginsa, amma a 1840 aka daina kai fursunoni yankin New South Wales. Ya zama Bishof na Birmingham a 1850, ya rasu a 1889.

'Yan'uwana cikin Kristi, mu da muke Bagudo da ƙauyukan bakin iyakar Benin mun san yadda samari kan tsallaka neman abinci, wani ya ƙare a kurkuku nesa da iyayensa. Kada mu ce shi ya jawo wa kansa mu juya baya. Mu ziyarce shi, mu kai masa abinci, mu yi masa addu'a, mu karɓe shi in ya fito. Ubangijinmu ya lissafa ziyarar fursuna cikin ayyukan da zai tambaye mu ranar shari'a.